Hatimin Malam, Lissafin Bakatsine

Daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, ba ka rasa malamin zaure da zai zana maka hatimi a allo. Gida tara ne: 5 a tsakiya, 2, 4, 6 da 8 a kusurwoyi, sauran lambobin su cike gurbi. Duk layin da ka tara, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 zai ba ka. Mai neman laya ba ruwansa da wannan, shi dai a ɗinke masa a fata ya rataya. Amma wanda ya zana ɗin, lissafi ya yi.

Wannan fanni yana da gwani ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya rayu tun kafin jihadi, kafin sarakunan Katsina na dauri su koma Maraɗi. Ya yi karatu a Borno, ya sauke farali, ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta Bahjat al-Afaq da Larabci, kan ilimin haruffa da hatimai, inda ya nuna dabarun cike hatimi mai layi uku, biyar, bakwai da makamantansu ba tare da lalube ba. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi kansa asiri yake nema a cikin lambobin, babu musu, amma ƙa'idojinsa suna aiki ko a hannun wanda bai yarda da laya ba.

Turawa kuwa wasan wasa ƙwaƙwalwa suka ɗauki abin. Martin Gardner ya fara shafinsa na wasannin lissafi a mujallar Scientific American ta Amurka a 1956, aka riƙa tattara rubuce-rubucen ana buga littattafai, hatimai na ciki. A 1973 Claudia Zaslavsky ta gabatar wa masu karatun Ingilishi da al-Kashinawi a littafinta Africa Counts. A lakwal ɗinmu dai da wuya ka ji an ambace shi, abin da ban haushi.

Hatimai nawa za a iya ginawa? Mai layi uku ɗaya ne tal, juya shi kawai ake yi. Mai layi huɗu, Frénicle ɗan Faransa ya ƙirga 880 da hannu, aka buga a 1693. Mai layi biyar ya gagari alƙalami, sai a 1973 Richard Schroeppel ya sa kwamfuta ta ƙirga: 275,305,224.