Hanyar Gefen Magudana: Yaya Aka Yi Ta Koma Hannun Hukuma?

Duk wanda ya taɓa ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa ko Kura a jihar Kano, ko ya kora shanu ta can da rani, ya san 'yar hanyar burjin nan da ke bin gefen magudanar ruwa. Kafin a haƙa magudanar, wurin gonar wani ce, ko kuma burtali. To, da wane iko aka karɓe shi?

Maganar ta samo asali tun 1910. A shekarar ne Turawan Ingila suka yi shelar cewa duk ƙasar Arewacin Najeriya tana ƙarƙashin ikon Gwamna, wai yana riƙe da ita amana saboda 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ita ma wannan layin ta bi. Manomi yana da haƙƙin noma gonarsa, ya bar wa 'ya'yansa gado, amma ƙasar kanta ta hukuma ce. A ƙauye kuwa, dagaci da hakimi da En'e ne suke yanke magana.

A 1976 aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi. Bayan shekara 2, ranar 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. A nan ne fa maganar take. Dokar ta ba ƙaramar hukuma izinin shiga kowane fili na karkara da ke yankinta ta yi aikin jama'a, muddin ba cikin birni yake ba, kuma gwamnatin jiha ko ta tarayya ba ta riga ta karɓe shi ba. Gina hanyoyi da magudanai kuwa yana cikin ayyukan da tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma. Manyan ayyukan noman rani, irin na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, waɗannan na manyan hukumomi ne, amma ƙa'idar diyya iri ɗaya ce.

Ku lura da kyau. Ba kuɗin ƙasa ake biya ba, kuɗin wahalar da ke bisanta ake biya: amfanin gona, ɗaki, rijiya, itacen mangwaro. In gona ce ƙaramar hukuma ta karɓa, doka ta ce a ba mai ita wata madadi. To kai makiyayi, me ka dasa a kan burtali? Kakanka ya bi, ubanka ya bi, amma sawun kofato ba ya shiga takardar mai ƙiyasi. A ganina wannan shi ne babban giɓin dokar. I, ta ce ƙaramar hukuma na iya ba da filin kiwo har hekta 5,000, sai dai filin kiwo daban, hanyar zuwa mashaya daban.

Manoman ma ba su sha da daɗi ba. A Bakolori, kusa da Talata Mafara, an kammala madatsa a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka baje gonaki domin a yanka magudanai da hanyoyi. Diyya ta yi ta jan ƙafa, wasu suka rasa noman damina. Da haƙuri ya ƙare, sai manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin kuwa ɗaruruwa suke cewa.

A nan Nijar, takarda ta fi tausaya wa mai dabba. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince cewa makiyayi yana da fifikon amfani da yankin da ya saba zama, kuma ba a raba shi da wannan haƙƙi sai don aikin jama'a, bayan an biya diyya. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara da cewa ƙaura da dabbobi haƙƙi ne. Akwai kuma kwamitocin filaye da ake kira COFO, har a ƙauyuka, masu shata burtali. A takarda ke nan fa. Abin da ke faruwa a daji ku kun fi ni sani.

Ku 'yan kasuwa, na san hanyar gefen magudana alheri ce gare ku: babur da a-kori-kura suna kaiwa har bakin lambu. Amma magudanar siminti mai zurfi katanga ce ga garke. In babu gada ko mashigi, dole a yi dogon zagaye ko a ratsa gonar albasar wani, daga nan kuma sai rigima.

Saboda haka in kun ga an fara kafa turaku ana shafa jan fenti, lokacin magana ke nan. Arɗo ya je sakatariyar ƙaramar hukuma, ko wajen magajin gari in a Nijar ne, ya tambayi inda aka sa mashigin dabbobi a taswirar aikin, kuma a rubuta amsar. Bayan an zuba siminti, amsar da aka saba ji ita ce kuɗin kwangila sun ƙare.