Daga bas ɗin Landan zuwa makin Cooper: yadda aka ware motsa jikin erobik

A shekarar 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa bincikensa a mujallar Lancet kan ma'aikatan bas masu hawa biyu na Landan. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi. To, motsi yana kare zuciya ke nan. Amma wane irin motsi?

Amsar da ta fi karɓuwa ta fito ne daga Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, a littafinsa mai suna Aerobics na 1968. Kalmar ma aro ya yi: tun 1863 Louis Pasteur ya yi amfani da ita wajen raba ƙananan halittu masu buƙatar iskar oksijin da waɗanda ba ruwansu da ita. Cooper bai duba yawan gumi ko girman ƙwanji ba. Abin da ya auna shi ne oksijin da jiki ke sha, da tsawon lokacin da mutum zai iya jure aikin. Gudu, iyo, tuƙa keke da tafiya da sauri duk sun shiga, ya ba kowanne maki, ya ce a tara 30 a mako. Ɗaga ƙarfe da tseren mita 100 kuwa ba sa ciki, domin cikin 'yan daƙiƙu tsoka ke cinye ƙarfinta ba tare da jiran oksijin ba.

Shi ne kuma ya fito da gwajin nan na minti 12, wato a ga nisan da za ka iya gudu cikinsu. 'Yan ƙwallon Brazil sun yi amfani da shi kafin Kofin Duniya na 1970, har yau can ana kiran sassarfa "cooper".

Daga baya rawa ta ƙwace sunan, musamman bayan bidiyon Jane Fonda na 1982. A ganina nan aka rikita mutane, har wasu suka ɗauka erobik sai da kiɗa da ɗakin motsa jiki. Alhali mai tuƙa keke zuwa kasuwa na rabin awa, yana haki amma yana iya amsa gaisuwa, shi ma yana tara makin Cooper.