Na'urar ƙirga firikwansi: yadda ake aiki da ita, da iyakar abin da lambobinta ke iya tabbatarwa

Duk lasisin gidan rediyo yana ɗauke da wata lamba, wutar da ke shiga gidanka ma akwai lambar da aka ɗora ta a kai. Ta rediyo ita ce wadda mai gabatar da shiri ke ambatawa idan ya ce "a kan mita 99.5", ta wutar lantarki kuwa 50 ce a Najeriya da Nijar da Ghana. Duka biyun awon abu guda ne, wato firikwansi: yawan zagayen da sigina ke yi a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan gardama ta tashi kan ko wata tasha ta kauce daga inda aka ba ta, ko kuma babban layin wutar ƙasa ya fara tangal-tangal kafin ya durƙushe, ba a raba ta da fatar baki. Na'ura ake ɗaukowa, kuma mafi sauƙinta ita ce na'urar ƙirga firikwansi.

Ma'aunin sunansa haz, daga sunan Heinrich Hertz, Bajamushen masanin kimiyyar da ya rayu daga 1857 zuwa 1894. Haz ɗaya zagaye ɗaya ne a daƙiƙa, kilohaz dubu, megahaz miliyan. A nan akwai wani ɗan kuskure da ya zama jiki a bakinmu. A zamanin gajeren zango, idan aka ce mita 19 ko 25 ko 31, tsawon zangon ake nufi, da mitoci na gaske. Da tashoshin FM suka zo sai aka riƙe kalmar, alhali 99.5 megahaz ne, tsawon zangonsa kuwa bai wuce kimanin mita uku ba. Babu wanda zai sauya wannan al'ada yanzu, amma wanda zai karanta rahoton injiniya ya kamata ya san bambancin.

Abin da ke faruwa a cikinta

Aikin na'urar bai wuce na mai gadin da aka ce ya buɗe ƙofa na daƙiƙa ɗaya cur, ya ƙirga waɗanda suka shige, ya rufe ba. Siginar da ta shigo ana ƙarfafa ta, a mayar da kowane zagaye bugu guda mai tsafta, sannan a buɗe wa bugun ƙofa na wani ƙayyadadden lokaci. Abin da aka ƙirga shi ke fitowa a allo. Idan ƙofar ta daƙiƙa ɗaya ce, kuma bugu 99,500,000 suka wuce, siginar tana kan megahaz 99.5 ke nan.

Wanda ke gaya wa ƙofar lokacin buɗewa da rufewa shi ne agogon cikin na'urar, wani ɗan tsinken dutsen kwaz da galibi ke kaɗawa sau miliyan 10 a daƙiƙa. Gaskiyar na'urar gaba ɗaya a kansa ta rataya.

Kafin zuwan irin wannan na'ura, auna firikwansi mai yawa aiki ne na kwatance da lissafi da ke cin mintuna. A 1951 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da samfurin 524A, wanda ya mayar da aikin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma gidajen rediyo na cikin waɗanda suka fara rungumarsa domin tsayawa daidai inda hukumar sadarwar ƙasarsu ta ajiye su. Tun farkonta ke nan na'urar tana da alaƙa da doka.

Yadda ake auna sigina

Abu na farko haƙuri ne. A kunna na'urar a bar ta ta ɗumama, aƙalla minti 20 zuwa 30, domin dutsen kwaz yana sauya saurinsa da zafi. Wanda ya ɗauko ta daga bayan mota da tsakar ranar Afrilu ya shiga da ita ɗaki mai sanyin na'ura, ya auna nan take, zai ga lambobin ƙarshe suna tafiya a hankali, kuma ba siginar ce ke tafiya ba, agogon ne.

Daga nan sai zaɓen kafar shigar sigina. Yawancin na'urorin suna da biyu: ɗaya mai turjiyar om miliyan ɗaya, ta ƙananan firikwansi da gwaji a cikin da'irar kayan lantarki, ɗaya kuma mai om 50, ta siginar rediyo da ke zuwa ta waya mai sulke. Ta biyun ita ce mai saurin lalacewa. Da yawa daga cikinsu ba sa jure fiye da volt 5, wato kimanin rabin wat, na'urar watsa shirin tashar FM kuwa tana fitar da ɗaruruwa ko dubban wat. Saboda haka ba a taɓa haɗa na'urar ƙirga kai tsaye da bakin na'urar watsa shiri. Ana ɗiban ɗan kaɗan ne ta kafar gwaji da aka tanada a jikinta, ko a sa abin rage ƙarfi a tsakani, ko kuma a riƙe 'yar gajeriyar eriya a kusa. Haka ma wutar soket mai volt 230, sai ta bi ta ƙaramar taransifoma da za ta sauke ta zuwa volt 6 ko 12. Wannan kariyar ba ta na'urar kaɗai ba ce, jikin ƙarfen kafar yana haɗe da jikin akwatin, kuskure ɗaya na iya kashe mai riƙe da ita.

Mataki na gaba shi ne inda masu koyo suka fi faɗuwa, wato saita matakin da na'urar za ta ɗauka cewa zagaye ya cika. Na'urar ba ta san sigina ba, ba ta san hayaniya ba. Duk abin da ya tsallake layin da aka shata mata, ƙirga shi za ta yi. Idan an bar ta da saurin ji fiye da kima, 'yan ƙananan tsalle-tsallen da ke kan sigina za su tsallake layin sau biyu ko uku a zagaye guda, sai wutar haz 50 ta fito 100 ko 150. Wannan yana yawan faruwa da wutar inbata mai arha da ta ƙananan janareta, waɗanda siffar wutarsu ba ta da santsi. Maganinsa shi ne a fara da mafi ƙarancin ji, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har lambar ta tsaya cak, sannan a ɗan ƙara a tsaya. Idan akwai matatar da ke tare manyan firikwansi, a kunna ta. Alamar awo mai kyau ita ce, ko an ɗan taɓa maɓallin sama ko ƙasa lambar ba ta sauyawa. Idan tana sauyawa, abin da ke allo bai zama awo ba tukuna.

Sai tsawon lokacin ƙofa, wanda a jikin na'urar aka fi rubuta GATE. Ƙofar daƙiƙa ɗaya tana bambance haz ɗaya, ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tana bambance haz 10, ta daƙiƙa goma kuwa har kashi ɗaya cikin goma na haz. Gajeriyar ƙofa ta fi dacewa lokacin da ake juya wani abu ana kallon sauyi, doguwa kuma lokacin da za a rubuta sakamako. Lambar ƙarshe kullum tana iya hawa ko sauka da ɗaya, domin buɗewar ƙofa ba ta jiran farkon zagaye. Wannan ba lalacewa ba ce.

Matsalar haz 50

A megahaz 99.5 kuskuren bugu ɗaya ba komai ba ne. A haz 50 kuwa babba ne: ƙofar daƙiƙa ɗaya za ta nuna 49 ko 50 ko 51, alhali ƙa'idar babban layin wutar Najeriya ta ce a yanayi na yau da kullum kada a fita daga 49.75 zuwa 50.25, a yanayin matsi kuma daga 48.75 zuwa 51.25. Don haka a ƙananan firikwansi ana juya lissafin, a auna tsawon lokacin zagaye ɗaya da bugun agogon ciki. Zagayen haz 50 yana ɗaukar bugu 200,000 na agogon mai miliyan 10, na haz 49.75 kuwa kimanin 201,005. Bambancin da ya ɓace a hanyar farko ya fito fili ke nan. Na'urorin zamani da yawa haka suke yi da kansu, tsofaffi kuwa sai an danna maɓallin awon lokaci.

Wannan lamba tana da ma'ana ta siyasa. Firikwansin layin wuta ma'auni ne na daidaito tsakanin abin da tashoshi ke samarwa da abin da jama'a ke ja. Idan buƙata ta rinjayi samarwa, injunan suna rage gudu, lambar ta sauka. Idan aka yanke babban kaya kwatsam, ta haura. In ta kauce da yawa, na'urorin kariya suna cire injunan ɗaya bayan ɗaya, abin da muke kira durƙushewar layin ƙasa. Ita ce lambar da ma'aikatan cibiyar kula da layin da ke Osogbo ke zuba wa ido dare da rana. A Turai ma an ga aikinta a farkon 2018, lokacin da saɓani tsakanin Kosovo da Sabiya kan wuta ya sa matsakaicin firikwansin layin nahiyar ya zauna a haz 49.996 na tsawon makonni, har agogunan da ke dogara da wutar soket suka yi jinkirin kusan minti shida.

A gida kuwa, janaretan da aka ƙera don juyi 1,500 a minti yana ba da haz 50 ne a wannan gudun. Idan awo ya nuna 47, injin yana juyi 1,410 ne kawai, ko kaya sun yi masa yawa ko an rage masa gudu don tsimin mai, kuma injin firji da na famfon ruwa ne ke biyan kuɗin.

Yawan lambobi ba gaskiya ba ne

Na'ura mai lambobi takwas a allo tana da kwarjini, amma yawan lambobi daban, daidaito daban. Idan agogon cikinta ya kauce da kashi ɗaya cikin miliyan, awon megahaz 99.5 zai kauce da kusan haz 100. Idan da kashi goma ne, kamar yadda ake samu a masu arha, kuskuren ya kusa kilohaz guda, kuma allon zai nuna shi da cikakkiyar natsuwa. Dutsen kwaz yana kuma tsufa, yana kaucewa shekara bayan shekara. Shi ya sa masu tsada suke ajiye dutsen a cikin 'yar tanda mai zafi ɗaya, wasu kuma ana ɗaura su da agogon tauraron GPS, wanda ke komawa ga ma'anar daƙiƙa da duniya ta amince da ita tun 1967: kaɗawa 9,192,631,770 ta ƙwayar zarrar sisiyam.

Ga ɗan jarida, nan ne tambayoyin suke. Hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi a Najeriya, NCC kuma tana kula da kamfanonin waya. Idan wata hukuma ko abokin hamayya ya ce tasha ta fita daga gurbinta, a nemi sanin na'urar da aka yi awon da ita, ranar da aka daidaita ta da ma'auni na ƙwarai, da takardar shaidar hakan. A kuma tambayi ko an yi shiru a tashar lokacin awon, domin siginar FM tana lilo har kilohaz 75 sama da ƙasa gwargwadon sautin da take ɗauke da shi, kuma gajeriyar ƙofa a tsakiyar kiɗa ba za ta ba da lamba tsayayya ba. Ni dai, takardar zargin da ba ta amsa waɗannan ba, ina ɗaukar ta a matsayin iƙirari.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta gani sam. Lamba ɗaya take bayarwa, galibi ta siginar da ta fi ƙarfi. Tasha na iya zama daidai kan gurbinta amma tana yoyo zuwa wani wuri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda zangon FM yana ƙarewa ne a megahaz 108, daga nan zuwa 137 na jiragen sama ne, na'urorin da ke jagorantar saukarsu da maganar matuƙa da hasumiya. Gano irin wannan yoyo aikin wata na'ura ce mai zana dukkan siginonin da ke wuri a allo guda.

Gunjin wuta a matsayin shaida

Da yake firikwansin layin wuta yana ɗan hawa da sauka kowace daƙiƙa, kuma iri ɗaya ne a duk faɗin layin a lokaci guda, yana barin sawu. Sautin da aka naɗa kusa da wayoyi ko kayan wuta yakan ɗauki wani siririn gunji na haz 50 ko ninkinsa. Idan akwai wanda ya daɗe yana auna layin yana adanawa, ana iya gwama gunjin da rumbun a gano lokacin da aka yi naɗin, ko wurin da aka yanke aka haɗa. 'Yan sandan Landan sun fara tara irin wannan rumbu tun 2005, kuma an gabatar da shaidar a kotun Ingila.

A ƙasar da kowane zaɓe ke zuwa da sautin murya da ake cewa na wane ne, dabarar tana da jan hankali, sai dai sharuɗɗanta suna da nauyi a wurinmu. Naɗin da aka yi a kan janareta ko inbata ba ya ɗauke da sawun layin ƙasa, manhajojin tura saƙo kuma suna matse sauti har gunjin ya raunana ko ya ɓace. Kafin komai kuma sai an sami rumbun: taransifoma ƙarama, na'urar ƙirga mai agogo amintacce, kwamfutar da ke rubuta lamba da lokacinta kowace daƙiƙa, da batirin da zai riƙe su duka idan an ɗauke wuta.