Daga Taghelel Zuwa Hamdallahi: Yadda Ingilishi Ya Iso Damargu

A Damargu idan tsoho ya ce wane ya iya Turanci, Faransanci yake nufi. Harshen mutanen Ingila da Amurka sunansa daban ne a wajenmu: Ingilishi, ko Angale a bakin 'yan lakwal. Baƙo ne, amma baƙon da ya daɗe yana ratsa ƙasar gero, kuma duk zuwan da ya yi sai ya fara durƙusawa ya gai da masu gida da harshensu.

A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku suka gangaro daga Abzin tare da ayarin Buzaye, gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Shugabansu James Richardson mutumin Ingila ne, sauran biyun, Heinrich Barth da Adolf Overweg, Jamusawa. A Taghelel, cikin Damargu, suka raba hanya. Richardson ya nufi Damagaram, ajali ya cim masa a watan Maris kafin ya kai Kukawa. Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi. Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Ba su buɗe aji ba. Su ne ma 'yan makaranta, don tun a hanya Barth yake tsintar Hausa a bakin 'yan ayari.

Ribar wannan tafiya ta faɗa kan wani yaro, Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta aka kai Barno. Overweg ya 'yanta shi, bayan mutuwar Overweg a 1852 ya bi Barth har Tumbutu, a 1855 kuma ya sauka Landan. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana rubuta maganarsa. Daga bakin wannan yaro aka samo kaso mai yawa na abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Ya koyi Ingilishi, ya koyar da Hausa, ya dawo gida, ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawar Kano, ya rasu a 1912. Duk lokacin da na ji ana zancen zuwa ƙetare koyar da harshe, shi nake fara tunawa.

Tun kafin rasuwarsa Faransa ta ci Damagaram a 1899, aka ja iyaka, Ingilishi ya tsaya kudu. Abin da ya tsallako sai ɗan guntun da 'yan ci-rani da fatake suke ƙullowa a bakin zani daga Kano da Daura: sule, fam, direba, tikiti.

Wata bakwai bayan Nijar ta samu 'yancin kai, ranar 1 ga Maris 1961, shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps, wadda mu muka sani da sunanta na Faransanci, Kor da la Pe. A 1962 rukunin farko ya sauka Yamai, mutum bakwai, kuma aikin da ya kawo su koyar da Ingilishi ne. Shugaban ƙasa na lokacin, Diori Hamani, ya san kan wannan sana'a, don shi ma ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris. Kwalejoji suna ƙaruwa, Ingilishi yana cikin manhaja tun daga ajin farko na kwaleji har jarrabawar birbe, malamansa kuwa na gida ba su taka kara sun karya ba. Samari da 'yan matan Amurka, yawancinsu fitowarsu ke nan daga jami'a, suka cike gurbin, kowa shekara biyu.

Labarin da aka fi ji na waɗannan baƙi ne, su suka koma gida suka rubuta littattafai. Wanda ba a cika ji ba shi ne na 'yan ƙasa da suka yi wa ƙungiyar aiki, alhali da bazarsu aka yi rawar. Kafin a tura baƙo kowane gari sai ya yi makonni ana horar da shi, a shekarun ƙarshe na aikin ƙungiyar a Hamdallahi, kan hanyar Filinge. Malaman Hausa da Zabarmanci 'yan Nijar ne. Direbobin da suka san inda rairayi ke cin mota tsakanin Damagaram da Agadas 'yan Nijar ne, haka masu dafa abinci, masu gadi, da iyalan da ake sauke baƙon a gidansu ya ci tuwo da hannu ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro.

Ka dubi aikin malamin Hausa a irin wannan sansani. Tabarma ce ƙarƙashin rumfa, ɗalibai uku ko huɗu, an hana shi tsoma Faransanci ko Ingilishi sai dole. Ranar farko gaisuwa: kwana, gajiya, gida, aiki, sanyi ko zafi, kowace da amsarta, har baƙon ya fara mamakin yaushe za a shiga magana, bai san an riga an shiga ba. Sai wahalar ƙa da ka, inda ƙafa take komawa kafa. Sai kuka, wadda kunnen baƙo ba ya raba ta itace da ta hawaye. Malamin ne zai gaya wa budurwar Amurka ta ɗaura zani ya kai idon sawu, ya gaya wa saurayin kada ya miƙa wa dattijo abu da hagu, kada ya ratsa gaban mai salla. A gidan saukarsa kuma a raɗa masa sunan gida, ya koma Sani ko Hadiza, sunan da zai amsa har ya bar ƙasar. Wanda aka aiko ya koyar, sai da aka mai da shi ɗan aji ɗaya tukun. A ganina nan ne ƙungiyar ta yi dabara, kuma dabarar a hannun waɗannan malamai take.

Ba na cewa komai zuma ne. An kafa ƙungiyar ana tsakiyar yaƙin cacar baki, Amurka na neman masoya, ba sadaka ce tsantsa ba. Iya harshe daban, iya koyar da shi daban, wasu baƙin a kan yaranmu suka koyi riƙe alli. Da mutum ya fara gwanancewa sai wa'adinsa ya cika. Sannan rabon bai taɓa zama daidai ba: gari kamar Tanut, mai nisan kusan kilomita 150 arewa da Damagaram, kullum a ƙarshen layi yake wajen samun malami kowane iri, balle ƙauyukan Tarka da rugagen makiyaya. Farin 1973 da na 1984, waɗanda suka yi wa Damargu mugun duka, sun kuma karkata hankalin masu taimako zuwa rijiyoyi, dashen itatuwa, noma da lafiyar yara. A hankali allon Ingilishi ya koma hannun waɗanda jami'ar Yamai ta yaye, da wasu malamai 'yan Gana, daga 1998 kuma aka shiga zamanin malaman sa-kai da na kwantaragi, masu ƙaramin albashi da yawan jira.

Ranar 7 ga Janairun 2011 aka sace wasu Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai, aka kashe su. Cikin kwanaki Kor da la Pe ta kwashe mutanenta 98, ta dakatar da aiki, bayan sama da 3,000 sun yi zama a ƙasar. Baƙin sun hau jirgi. Malaman Hausa da direbobi da masu gadi suka shiga neman wani abin yi.

A shekarar ce kuma aka buɗe matatar man SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin. Sai ga samarin Damargu suna neman Ingilishi don su yi magana da mutanen da shi ma ba harshensu ba ne. An buɗe jami'a a Damagaram tun 2010, wayar hannu ta shigo da nata darasin, mai kai raƙuma da shanu kasuwannin Najeriya yana nan yana buƙatar na karanta takarda.

A watan Maris na 2025 kundin da gwamnatin soja ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A kwalejin karkara wannan bai sauya rumfar zana ba tukuna. Mushe, wato malami ɗan kwantaragi, yana tsaye, iskar hunturu na kaɗa alli, littafi ɗaya yara biyar sun sunkuya a kai. Ya faɗi jimlar da Ingilishi, shiru. Ya maimaita da Faransanci, hannu biyu suka tashi. Ya leƙa waje ko darakta na kusa, sannan ya faɗe ta da Hausa.