Tsaunin Bagzan: Saiwar Tsohon Dutsen Aman Wuta da Tasirinta ga Hawa

Tsakure

Maƙalar ta nuna cewa Bagzan, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Nijar, saiwar tsohon dutsen aman wuta ce wadda zaizaya ta tono, kuma wannan asali ne ya tsara yadda ake hawansa.

Gabatarwa

Tasawa da Mayahi, a yankin Maraɗi, ƙasar jigawa ce. Rairayi da dutsen yashi na kwarin Iullemmeden sun binne tsohon ƙashin ƙasa, shi ya sa babu abin da ke karya shimfiɗar sai kwaruruka irin su Gulbin Kaba. Amma Bagzan ba baƙo ba ne a kasuwannin yankin, domin Buzayen Kel Ewey da ke sauko da gishirin Bilma su koma da hatsi daga Abzin suke fitowa, inda ƙololuwar Bagzan, Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022.

Hujjoji

Bagzan ɗaya ne daga jerin duwatsu masu siffar zobe da suka taso daga Abzin, suka ratsa Damagaram da Muniyo, suka bi ta Riruwai a Kano har Jos. A 1976 masanin duwatsu Bowden da abokan aikinsa suka nuna cewa shekarun jerin na raguwa in an nufi kudu: na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo wajen miliyan 300, na Jos ƙasa da miliyan 200. A kowane wuri narkakken dutse ya taso, rufinsa ya rufta a zagaye, sauran ya daskare a ƙarƙashin ƙasa ya zama giranit. Toka da bakin dutsen sun zaizaye tun tuni, giranit mai tauri ya tsaya. Saboda haka mai hawan Bagzan ba ya haɗuwa da gangaren toka mai zamewa. Abin da ke gabansa bango ne mai tsayi da ake kutsawa ta kwazazzabai, a ƙafa da jakuna, daga wajen garin Tabelot. In ya haye sai ya tarar da shimfiɗaɗɗen tudu mai ƙauyuka da lambuna, saboda tsagogin giranit na riƙe ruwan sama.

Mai suka zai ce ai ga baƙin dutse da tuddai masu tsini a kudancin Abzin, waɗanda ko makiyayi ya san aman wuta ne. Gaskiya ne, sai dai waɗannan na filin aman wuta na Todra ne, wanda ya yi amansa ɗaruruwan miliyoyin shekaru bayan giranit ɗin Bagzan ya huce. Maƙwabtaka ce ta haɗa su, zamani ya raba su.

Kammalawa

Duk wanda zai shirya hawa daga Maraɗi, ko ɗaliban jami'a masu nazarin duwatsu, ya kamata ya raba tafiyar biyu: Todra don ganin saman dutsen aman wuta, Bagzan don ganin cikinsa. Taswirar da ta kira su da suna ɗaya za ta sa a yi guzurin da bai dace da hanya ba.