Daga Ɗakin Kaka zuwa Layin Awo: Waiwaye kan Yaye da Nonon Dare a Ƙasar Batsari da Safana

Yaushe ya kamata a hana yaro nonon dare? Wannan tambaya da matasan iyaye mata ke yi wa ma'aikatan lafiya a yau, kakanninmu na ƙasar Ruma da Safana ba su san ta ba. A wurinsu dare da rana duk ɗaya ne ga mai goyo. Da rana yaro na bayan uwa cikin zane da majanyi, tana surfe, tana daka, tana ɗibar ruwa. Da dare yana gefenta a kan gadon kara, in ya motsa ta juyo ta ba shi, su koma barci ba tare da an kunna fitila ba. Ba wanda ke ƙirga sau nawa ya sha. Watanni ake ƙirgawa, su ma da damina da kaka: wanda aka haifa ana girbin gero, sai an sake ganin girbi biyu kafin a fara maganar yayensa.

Shekara biyun nan tana da tushe a addini, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta 14 a Suratu Luƙman duk sun ambace ta. Amma al'ada ta ɗora nata a kai. An yi imani cewa ciki na lalata nono, don haka miji kan ƙaurace wa shimfiɗar mai goyo, matar da ta yi kwanika kuwa ta shiga bakin duniya, habaici a bakin rijiya, habaici a gidan suna. Malamai sun san hadisin Judama da ke cikin Muwaɗɗa, inda Manzon Allah (SAW) ya fasa hana kusantar mai shayarwa bayan ya ga Rumawa da Farisawa na yi ba tare da 'ya'yansu sun cutu ba, amma kunya ta fi ƙarfin fatawa. Wankan gida ya tsawaita zaman mai jego a gaban iyayenta, zaman kishiyoyi kuma ya sauƙaƙa wa miji haƙuri. Sai daga baya likitoci suka bayyana wani abin da ke aiki a ɓoye: tsotson yaro, musamman na dare, yana ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono, yana kuma jinkirta dawowar haila. Ta haka gidaje da yawa suka riƙa samun tazarar shekara biyu da rabi zuwa uku, tun ba a taɓa jin sunan tsarin iyali ba.

Yayen kansa ba a jan shi. Rana ɗaya ake yanke shi. A karɓo rubutun dangana daga wurin malam, a shafa wa mama maɗaci ko wani abu mai ɗaci don yaro ya ɗanɗana ya juya kai, sannan a ɗauke shi a kai wa kaka ko goggo, ya yi kwanaki ba ya ganin uwar. Namiji akan ɗan rage masa, wai kada yawan nono ya dakushe masa kai. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana irin wannan tsari, har da yadda yaye ke zama ƙofar riƙo, musamman ga ɗan fari da uwa ke jin kunyarsa. Da yawa daga cikinmu a hannun wadda ta yaye mu muka tashi, har muka girma muna kiran ta Inna.

Abin lura shi ne me ke jiran yayayye a ɗakin kaka. A wannan yanki namu da ke jingine da dajin Rugu, nono ba abin nema ba ne. Matan Fulani kan shigo gari da hantsi da ƙwarya a ka, a yi musayar nono da man shanu da hatsi. Yawan shanun ne ma ya sa a shekarun 1960 gwamnatin Arewa ta mai da dajin Ruma da Kukar Jangarai makiyaya ta musamman. Yaron da aka raba da nonon uwa sai ya tarar da fura da kindirmo, da kunun tsamiya, da tuwo mai laushi da miyar kuka da daddawa, da wake, da akuyar gida da ake tatsa. Kaka ba ta da wani jinjiri a baya, lokacinta duka nasa ne. In ya farka tsakar dare yana lalube, ɗumamen kunu na nan a ajiye. Masu hikima kan jira kaka ta yi, rumbu ya cika, su guje wa zafin bazara.

Kada dai begen jiya ya rufe mana ido. A wancan zamanin ne ake matse dakashi a zubar, wai gurɓatacce ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. A lokacin ne ake ɗura wa ɗan kwana uku ruwa da dauri, ake hana yaro ƙwai kada ya yi sata, ake ɗora kowane zawo a kan haƙori. Ƙyanda kan ratsa gari da bazara ta ɗebi 'yan yaye. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani shaida ne kan iyayen da suka gaji da binne 'ya'ya. Tun a 1933 likita Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da ta zama Gana, ta bayyana ciwon kumburi da ke kama yaran da aka yaye a kan kunun masara tsura. Mu ma mun san shi, mun san tamowa. Tsohon tsari na tsira da yaro ne kawai in gidan na da abin ba shi.

Sai zamanin gwangwani ya zo. Madarar Peak ta shigo Najeriya a 1954, garin madarar jarirai da bulumboti suka biyo baya, suka bunƙasa da kuɗin fetur a shekarun 1970, daidai lokacin da farin 1973 ya karya garke da rumbu. Duniya ta farga da ɓarnar da madarar gwangwani ke yi wa jarirai: rahoton da ƙungiyar War on Want ta fitar a Ingila a 1974 ya tayar da ƙura, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallan madarar jarirai a 1981, Najeriya ta yi tata dokar a 1990. A ƙauyukan Wagini ko Runka gwangwani bai taɓa kwace wurin nono ba, tsada ta hana, balle bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan 1986. Amma ya bar tunani biyu: cewa nonon uwa shi kaɗai ba ya isa, da cewa doguwar shayarwa ƙauyanci ce. A daidai wannan lokaci wa'azi da makarantun Islamiyya suka yawaita, aka fahimci cewa ƙaurace wa mai goyo ba wajibi ba ne. Wankan gida ya gajarta. Tsohuwar ƙauracewa ta tafi, amma tsoron nonon mai ciki bai tafi ba. Sakamakon haka, yanzu sau da yawa ba ƙirgen watanni ke yanke ranar yaye ba, sabon ciki ne: da uwa ta ga ɓatan wata, ko da yaron bai cika shekara ba, a cire shi a daren.

Daga tsakiyar shekarun 1980 asibiti ya shiga maganar. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tura kiwon lafiya matakin farko zuwa karkara, da rigakafi da ruwan gishiri da sukari. A 2001 aka tsayar da shawarar nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci zuwa shekara biyu ko fiye. An sha fama, don da wuya ka shawo kan kaka cewa jariri ba ya bukatar ruwa a zafin Afrilu. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta nuna masu ba da nono zalla sun tashi daga kashi 13 cikin 100 a 2008 zuwa 17 a 2013, zuwa 29 a 2018. Sabon darasin ya ci karo da al'ada a wurare uku: dakashi magani ne, mai ciki lafiyayya na iya ci gaba da shayarwa, yaye kuma a hankali ake yi, a fara rage na rana, na dare ya zama na ƙarshe. Dalilin a fili yake. Tsakanin wata 6 zuwa 12 nono na ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata ko fiye, a shekara ta biyu kusan kashi ɗaya cikin uku. In uwa ta wuni a gona ko kan sana'a, da dare yaro ke rama abin da ya rasa. Aka kuma koyar da kunun gero mai gyaɗa da waken suya da zogale, sau uku zuwa huɗu a wuni ga wanda ya wuce wata tara.

Yunwar Maraɗi ta 2005 ta buɗe wani babi. A can aka gwada, a kan dubban yara, cewa za a iya jinyar tamowa a gida da ƙullin gyaɗa da madara na cikin leda. Najeriya ta ɗauki tsarin a 2009, ya iso Katsina ba da jimawa ba. Ranar awo ta zama sananniya, da zaren auna damtse mai kore da rawaya da ja. Duk da haka, a 2018 kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure.

Sannan daji ya juya mana baya. Satar shanu ta kwashe garken Fulani da na Hausawa. An kashe mutum 18 a 'Yargamji a Mayun 2019, an kashe 30 a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020. A 2021 gwamnati ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da maƙwabtansu, aka katse layukan waya. Ƙwaryar nono ta yi wuyar gani, gonakin gero da na rogo suka kwanta, kakar da za a kai wa yaye ita ma tana gudun hijira a cikin Batsari ko birnin Katsina. Matan da suka kwana a jeji sun san wani amfanin nonon dare da ba ya cikin littafin likita, wato rufe bakin yaro kada kukansa ya tona maɓoya. Uwar da ba ta ƙoshi ba kuma, ga tsoro ga gajiya, ita ake cewa ta shayar shekara biyu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar a wata shidan farko na 2025, shekarar da aka yi sulhu da 'yan bindiga a Batsari mutane suka fara komawa gona.

A cikin wannan hali ne wayar hannu ke kawo wa matan gari shawarar a bar yaro ya yi kuka har ya saba kwana shi kaɗai, dabarar da likita Richard Ferber na Amurka ya yaɗa da littafinsa na 1985. An tsara ta ne don gidan da yaro ke da ɗakinsa, ya kuma kwanta a ƙoshe. Yaron da ke cin abinci mai gina jiki da rana, nauyinsa na hawa, ba laifi a rage masa nonon dare sannu a hankali, uwa ma ta huta. Wanda kuwa abincinsa koko ne tsararo, hana shi nonon dare rage masa abinci ne, ko da an kira shi tarbiyya.

Mun riƙe yankan rana ɗaya da muka gada, mun rasa tazara da garke da rumbu da hannun kaka da suka sa yankan ya yiwu. Don haka kafin a sa ranar yaye a Batsari ko Safana, tambayar ba ta uwa kaɗai ba ce. Ta maigida ce da zai kawo gyaɗa da wake da ƙwai, ta surukar da za ta daina cewa nonon mai ciki guba ne, ta hukumar da za ta tsare hanyar gona da kasuwa. In ba a shirya abin da zai maye gurbin nono ba, a bar yaro ya sha, dare da rana.