Daga Katin Zaɓe Zuwa WhatsApp: Tarihin Yadda Muke Miƙa Wa Juna Waƙa



Da wuya a yi zaman hira tsakaninmu a tashi wani bai ce, "Ka ji sabon kundin wane kuwa? Bari in tura maka" ba. Muna ɗaukar wannan ɗabi'a kamar wayar hannu ce ta kawo ta, alhali ta girme mu nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya kawai shi ne hanyar da waƙar ke bi daga hannu zuwa hannu.

A da, wanda yake son jin makaɗi sai ya je inda makaɗin yake: fada, gidan biki, dandali ko filin dambe. Faifan garmaho ya fara raba waƙa da mai ita, amma ba kowane gida ke da garmaho ba. Rediyo ne ya buɗe ƙofar sosai. A 1962 aka kafa gidan rediyon Arewa a Kaduna, kuma shirin Zaɓi Sonka ya zama dandalin masu sauraro. Mutum zai sayi katin zaɓe, ya rubuta sunansa da garinsu, ya jero waɗanda yake gaisarwa, a karanta a sa musu waƙa. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓe aka kafa a garuruwa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka ƙulla zumunci ta dalilin waƙa. Mu lura da abu guda: a lokacin, miƙa waƙa yana tafe da rubutu da suna.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma cikin shekarun 1970 da 1980 ya mamaye ƙasar Hausa. Iyayenmu suna ba mu labarin rikoda mai baki biyu, wadda ake kwafe kaset ɗin aboki da ita, da yadda ake zura biro a naɗe zaren idan rikoda ta tauna shi. Direbobin tasha da masu shayi su ne manyan masu tallar waƙa a lokacin. Abin da direba ya sa daga Kano zuwa Jos, shi fasinja zai nema idan ya sauka. Haka waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge suka shiga lungu da saƙo, har Maraɗi da Damagaram.

Amma kaset ya zo da ɓarnarsa. Kwafi a kan kwafi, babu bango, babu kwanan wata. Wani kaset ɗin sunan mawaƙin kaɗai aka rubuta da biro, ba a faɗi inda aka yi wasan ba, balle sunayen 'yan amshi da masu kalangu. Shata ya rasu a 1999, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa, littafin Shata Ikon Allah da ya fito a 2006, sai da suka bi tsofaffi gari-gari suna tambaya, domin kaset ɗin bai ajiye musu amsa ba.

A ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin fim suka karɓe kasuwa, musamman bayan fim ɗin Sangaya, Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillalan kaset da faifan CD. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bayan 'yan shekaru kuma masu tura waƙa suka kafa teburansu da kwamfuta a kasuwanni irin su Farm Centre. Wannan zamanin mun gan shi da idonmu: ka miƙa memori, a cika maka shi, ka koma gida ka raba wa abokai ta Bluetooth, daga baya ta Xender. Sau nawa muka yi watanni muna son wata waƙa ba mu san wanda ya rera ta ba, saboda lamba ce kawai a madadin sunanta?

Yau muna da WhatsApp da YouTube da Audiomack. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zagaye gidaje cikin 'yan makonni, tafiyar da kaset zai yi shekara bai gama ba. Sauri ya ƙaru, amma tsohuwar matsalar tana nan: waya ta lalace, ko a goge shafi, komai ya bi ruwa.

Nan ne aikinmu ya shigo. Idan za mu ce wa ɗan'uwa ya saurari wani kundi, kada mu tsaya a "ya yi daɗi". Mu rubuta sunan mawaƙin, da shekarar fitowa, da wanda ya haɗa kiɗan, da jigon waƙoƙin, da inda salon ya ja hankalinmu ko ya gaza. Layi biyar sun isa. Wanda zai rubuta tarihin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef nan da shekara 40, irin waɗannan layukan namu zai nema. Kada mu bar masa wahalar da aka bar wa masu tarihin Shata.